Tsofaffin katunan gidan waya na ƙasar Hausa

Katin gidan waya wata 'yar takarda ce mai kauri da ake aikawa ba tare da ambulan ba. A fuska ɗaya akwai hoto, a ɗaya fuskar kuma ana rubuta adireshi da gajeren saƙo, a manna kan sarki. Tsofaffin katunan ƙasar Hausa su ne waɗanda aka buga da hotunan birane, kasuwanni da mutanen Arewacin Najeriya da kudancin Nijar, galibi tsakanin shekarar 1900 da 1960. A yau masu tara kayan tarihi da masu bincike suna neman su, domin wasu gine-ginen da suka rushe ba su bar wata kama ba sai a irin waɗannan hotuna. Sha'awar tara katunan da nazarinsu ana kiranta deltiyoloji, daga wata kalmar Girkanci mai nufin ƙaramin allon rubutu.

Asali

An fara fitar da katin gidan waya a daular Ostiriya da Hangari ranar 1 ga Oktoba, 1869. Ba shi da hoto. Birtaniya ta bi sahu a 1870, sannan a 1894 ta bai wa kamfanoni masu zaman kansu izinin buga nasu. A 1902 ta yarda a raba bayan kati gida biyu, saƙo a hagu, adireshi a dama, sai hoto ya samu damar cika fuskar gaba. Daga nan har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 kasuwar katuna ta bunƙasa ƙwarai, mutane suka riƙa tara su cikin kundi.

A Ingila, kamfanin Francis Frith ya ɗauki aniyar ɗaukar hoton kowane gari da ƙauye. Shi ya sa har yau mutumin ƙaramin ƙauyen Ingila kan iya samun katin da ke nuna cocin garinsu ko titin kasuwarsu kamar yadda suke shekara ɗari da suka wuce.

Zuwansu ƙasar Hausa

Bunƙasar katunan ta zo daidai da shigowar Turawa. Faransawa sun kama Damagaram a 1899. Ingilishi sun kafa mulkinsu a Arewacin Najeriya a 1900, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Jami'an mulki, sojoji, ma'aikatan kamfanoni da 'yan mishan su ne manyan masu sayen kati, suna aika wa danginsu a gida.

Yawancin katunan a Turai aka buga su, ko da a nan aka ɗauki hoton. Ba Turawa kaɗai ke sana'ar ba. A bakin teku akwai 'yan Afirka masu ɗaukar hoto da suka yi suna, kamar Jonathan Adagogo Green na Bonny, da N. Walwin Holm da H. Sanya Freeman a Legas. A ƙasashen renon Faransa, Edmond Fortier da ke zaune a Dakar ya buga katuna fiye da 3,000 na Afirka ta Yamma. Hausawa mazauna waje ma sun fito a katuna, musamman fatake da mutanen zango a Gwalkwas, Togo da Kamaru.

Abin da suke nunawa

Hotunan da suka fi yawa su ne na ganuwa da ƙofofin Kano, Kasuwar Kurmi, marinar Ƙofar Mata, Dutsen Dala da ƙofar Gidan Rumfa. Akwai na sarakuna da dogarai, 'yan lifida, ayarin raƙuma, masaƙa da majema. Hawan daba ya samu kulawa, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956. Daga baya dalar gyaɗa ta zama alamar Kano a katuna. A ɓangaren Nijar, Damagaram ta fi fitowa, domin ita ce hedkwatar yankin daga 1911 zuwa 1926, kafin a koma Yamai.

Darajar hotunan tana ƙaruwa ne saboda abin da ya ɓace. An maye gurbin tsohon masallacin Juma'a na Kano, ginin ƙasa, da sabo a farkon shekarun 1950. An kewaye masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ginin zamani. An rushe wasu ƙofofin Kano an sake gina su don faɗaɗa hanya, dalar gyaɗa kuwa babu ita.

Abin da suka bari a baya

Mai ɗaukar hoto yakan bi layin dogo da garuruwan da ke da bariki, inda masu saye suke. Saboda haka karkarar ƙasar Hausa ba ta samu irin gatan ƙauyukan Ingila ba. Garuruwan da ke nesa da jirgi, irin su Kakangi da sauran ƙauyukan dajin Birnin Gwari, da wuya a ga sunansu a kan kati. In an ɗauki hoton ƙauye, sau da yawa sai a rubuta "ƙauyen 'yan ƙasa" kawai, ba suna. Haka mutane: akan ambaci sarki, amma talaka sai a kira shi da ƙabilarsa ko sana'arsa.

Wasu hotunan kuma shirya su aka yi, aka tsayar da mutum yadda mai kyamara yake so. Marubuci ɗan Aljeriya Malek Alloula ya soki irin wannan a littafinsa na 1981 kan katunan matan ƙasarsu. Christraud Geary ta nuna a bincikenta kan katunan Afirka cewa masu bugawa kan sake fitar da tsohon hoto da sabon bayani, har a danganta shi da wani gari dabam. Don haka ba a ɗaukar rubutun ƙasan hoto a matsayin hujja sai an gwada shi da wata shaida.

Yadda ake gane shekarun kati

Masu tarawa suna duba abubuwa kamar haka:

Bayan kati. In ba a raba shi biyu ba, mai yiwuwa an buga shi kafin 1902 a Birtaniya, ko kafin 1904 a Faransa, ko 1905 a Jamus.

Kan sarki. Sunan ya samo asali daga hoton kan sarkin Ingila da ke jikinsa. Arewacin Najeriya na da nata kan sarki daga 1900 har zuwa haɗewar 1914. Edward na Bakwai ya yi mulki daga 1901 zuwa 1910, George na Biyar daga 1910 zuwa 1936, George na Shida daga 1936 zuwa 1952.

Hatimin gidan waya. Yana nuna gari da ranar aikawa. Hoton dai ya girmi wannan rana, wani lokaci da shekaru masu yawa.

Rubutun sunaye. "Haoussa" na nuna bugun Faransawa, "Haussa" galibi na Jamusawa, "Katsena" kuma tsohon rubutun Ingilishi ne na Katsina.

Girma. Tsofaffin katuna sukan kai kimanin santimita 14 da 9, na baya-bayan nan sun ɗan fi haka.

Inda suke a yau

Tun da aikawa aka yi da su, mafi yawan katunan suna ƙasashen waje. Gidan adana kayan fasahar Afirka na Smithsonian da ke Washington yana da tarin katunan Afirka. Wasu suna hannun 'yan kasuwa, ana cinikinsu a shafukan intanet irin su eBay da Delcampe. Farashi ya danganta da ƙarancin kati, lafiyarsa, da hatimin da ke kansa. Hatimin ƙaramin gidan waya yakan fi na babban birni daraja. A gida, mai neman tsofaffin hotuna da takardun zamanin yakan nufi Gidan Makama a Kano, ko Arewa House da Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna.

Adanawa

Manyan abokan gaban kati su ne gara, laimar damina, hasken rana da ƙurar hunturu. Ana ajiye shi cikin akwati a wuri busasshe, nesa da ƙasa da bango. Ba a manna shi da gam ko salatif, ba a kuma rufe shi da roba mai zafi, domin ba ya cirewa sai da ɓarna. In za a ɗauki hotonsa a kwamfuta, ana ɗaukar gaba da baya, saboda saƙon, hatimin da sunan mai bugawa duk a bayan suke.