Kumburin da Ke Zuwa Tare da Loma: Abin da Hoton CT Ke Gani a Ƙasan Muƙamuƙi

A ce magidanci ne a Zugu, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum, ya wuni da azumi a zafin watan Maris, kamar yadda azumin 2024 da na 2025 suka faɗo. An kira magariba, ya kai kofin kunun tsamiya baki. Kafin kurɓa ta uku ƙasan muƙamuƙinsa na dama ya ɗaure, ya taso kamar an cusa masa ƙwan zabo, ga zugi har cikin kunne. Kafin a idar da asham kumburin ya sace. Washegari da buɗa-baki ya dawo, a wuri guda, a lokaci guda.

Abin da mutanen gida za su fara cewa shi ne hangum. To amma hangum ƙwayar cuta ce da aka fi gani a jikin yara, tana zuwa da zazzaɓi, ta yi kwana bakwai zuwa goma ta wuce, kuma da wuya ta sake kama wanda ta taɓa kamawa. Kumburin da ke sallama duk lokacin da aka ajiye akushi wani abu ne daban, kuma sau da yawa tsakuwa ce ta toshe hanyar miyau.

Maɓuɓɓugan miyau manya guda shida ne, uku a kowane ɓangare: ɗaya a gaban kunne, ɗaya a ƙasan muƙamuƙi, ɗaya a ƙarƙashin harshe. A haɗe suna zubo rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini. Ta ƙasan muƙamuƙi ce ta fi shan wahala, don a cikin tsakuwa goma da ake samu, wajen takwas a nan suke. Dalilin yana cikin yadda aka gina ta. Bututunta, wanda likitan Ingila Thomas Wharton ya bayyana a 1656, ya kai tsawon santimita biyar, kuma hawa yake yi kafin ya ɓullo ƙarƙashin harshe. Ga miyan nata mai kauri, mai yawan sinadarin kalsiyam. Duk wanda ya taɓa ganin magudanar ruwa mai hawan tudu ya san inda laka ke kwanciya. In jiki ya rasa ruwa, ko mutum yana shan magungunan da ke busar da baki, miyau ya ƙara kauri, gishirin cikinsa ya dunƙule sannu a hankali har ya zama tsakuwa. Da tsami ya taɓa harshe, maɓuɓɓuga ta yunƙuro da miyau, ta tarar ƙofa a rufe, sai ta kumbura.

Likita a babban asibitin Gummi ko na Anka zai iya gano rabin labarin ba tare da wata na'ura ba. Zai tambayi lokacin da kumburin ke zuwa, ya sa safar hannu ya lalubi ƙasan harshe, wani lokaci ma ya ji tsakuwar a yatsansa. Mataki na gaba shi ne sikanin nan irin wanda ake yi wa masu juna biyu, mai aiki da sauti. Ba shi da tsada sosai, ba shi da haske mai ratsa jiki, kuma yana kama yawancin tsakuwoyin da suka wuce milimita biyu. Sai in ya gaza ba da amsa, ko likita na zargin mugunya ta taru can ciki, ko ana shirin tiyata, sannan ake rubuta takardar CT. A nan lissafi ke canzawa, don takardar na nufin kuɗin mota, kuɗin hoto, da kwana a hanya zuwa babban birni: Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, ko ma Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ga kuma halin da hanyoyin yammacin Zamfara ke ciki. Mai yin wannan tafiya ya cancanci ya san abin da zai je ya sayo.

Injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ne ya ƙera na'urar CT, aka fara ɗaukar mara lafiya da ita a Landan a 1971, ya kuma raba kyautar Nobel ta 1979 da Allan Cormack. Hasken eksire ne, amma yana zagaya kai, kwamfuta kuma ta yanka hoton fala-fala kamar mai yanka albasa. Kowane ɗigo yana da lambar da ke nuna taurinsa. Ruwa sifili ne, iska dubu ɗaya ƙasa da sifili, ƙashi da tsakuwa kuwa ɗaruruwa ne zuwa sama da dubu. Shi ya sa tsakuwar miyau ke fitowa fara fat a tsakiyar nama mai launin toka, har da ƙananan da eksire na yau da kullum ke tsallakewa.

Takardar sakamakon da Turanci ake rubuta ta, cikin yaren likitocin hoto, amma tambayoyi kaɗan take amsawa. Ta farko: akwai tsakuwa? In akwai, za a faɗi girmanta da milimita, da adadinta, da wurin da ta tsaya, kuma wurin ya fi girman muhimmanci. Tsakuwar da ta zo kusa da bakin bututu ana iya ciro ta ta cikin baki da ƙaramin aiki. Wadda ta maƙale can gindin bututu ko cikin maɓuɓɓugar kanta takan sa a yi maganar cire maɓuɓɓugar gaba ɗaya, kuma ragowar biyar suna isar baki. In takarda ta ce bututu ya faɗaɗa, alamar toshewa ce a gabansa, ko da ba a ga tsakuwa ba, don wani lokaci tabon tsohon ciwo ne ya tsuke hanyar.

Akwai kuma batun allurar ruwan aidin da ake ɗurawa a jijiya kafin hoto. Masu neman tsakuwa sukan so hoton da babu allura, don ƙananan jijiyoyin jini na ƙasan harshe in sun sha ruwan sai su yi fari su yi kama da tsakuwa. Amma in ana neman mugunya, allurar ce ke tona asiri: sai a ga wuri mai duhu da farin zobe kewaye da shi, wato maruru ya nuna can ciki, kuma ƙwayoyin kemis kaɗai ba za su kwashe shi ba. Maɓuɓɓugar da ta girma ta yi haske, kitsen gefenta ya dagule, tana cikin sabon ciwo. Wadda ta motse kitse ya maye gurbinta, ta daɗe tana ciwo har ta gaji. Kafin allurar sukan tambayi lafiyar ƙoda. Mace kuma ta faɗa in tana da ciki ko tana zato, don hoton wuya ɗaya yana ba jiki haske kimanin wanda yake sha daga ƙasa da sararin sama a shekara guda. Haƙorin Makka da cikon ƙarfe su ma sukan watsa layuka su ɓata hoton.

Ba kowane kumburi ne tsakuwa ba. Yaro ɗan shekara uku zuwa shida da gaban kunnensa ke tashi yana sacewa sau da dama a shekara yana iya kasancewa da wani ciwo na ƙuruciya da yakan lafa da balaga, kuma irinsa sikanin sauti ya ishe shi. In ɓangare biyu ne suka kumbura ga babba, da bushewar ido da baki, likita zai tuna cutar da likitan idon Suwidin Henrik Sjögren ya bayyana a 1933, wadda ta fi kama mata. In hoto ya nuna ƙananan jakunkunan ruwa a gaban kunnuwa biyu, zai nemi gwajin HIV. Kaluluwar tarin fuka ma tana zama a wannan unguwa ta yi shigar ciwon miyau. Mutanen Anka da Bukkuyum sun san irin wannan darasi tun 2010, lokacin da aka yi ta ɗora mutuwar yara a kan zazzaɓi, sai gwajin jini ya nuna gubar dalma ce daga niƙan duwatsun zinare.

Kalmar da ke tsinka zuciya ita ce ƙari. Yawancin ƙarin da ke fitowa a gaban kunne, wajen takwas cikin goma, ba daji ba ne, amma CT ba ya yanke wannan hukunci. Sai an tsotso ɗan nama da siririyar allura an duba. Ƙulli mai tauri da ba ya sacewa, ko ɓangaren fuska da ya fara saki, bai kamata ya jira girbi ba. A wannan wuri ma ya kamata wanzami ya mayar da askarsa cikin zabira: jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa tsakiyar maɓuɓɓugar gaban kunne, sakiya ɗaya na iya barin mutum da karkataccen baki.

Magidancin Zugu, in tsakuwarsa ƙarama ce, ƙila abin da za a ce masa bai wuce yawan shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur ba, da gasa wurin da tsumma mai ɗumi, da murza shi daga baya zuwa gaba, da tsotsar lemun tsami don miyau ya tunkuɗo ta waje. In kuwa zazzaɓi ya shigo, ƙasan harshe ya taso, haɗiya ko numfashi ya fara wuya, a daren za a nemi mota. Ya riƙe faifan hoton tare da takardar, don likitan tiyata yakan so ya ga hoton da idonsa.