Bayan Difloma: Wace Ƙofa Ɗanmu Zai Bi a Aikin Kwamfuta?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ƴan'uwa masu karatu, a gidajenmu da dama akwai saurayi ko budurwa da suka kammala karatun kwamfuta, suka ajiye difloma cikin akwati, suna jiran ranar da gwamnati za ta kira su. Mahaifi ya sayar da hatsi ko bisashe don biyan kuɗin makaranta, mahaifiya ta yi ta adashe, ga shi shekara ta zagayo yaro yana zaune a fada yana shan shayi. Wannan shi ya sa muka ga ya dace mu tattauna batun a wannan fitowa.

Makarantun wannan fanni sun yawaita a Nijar. Akwai reshen Yamai na cibiyar IAI, wadda ƙasashen Afirka suka kafa a 1971 da mazauni a Libreville ta Gabon. Akwai Jami'ar Abdu Mumuni, da jami'o'in Maraɗi, Tawa da Damagaram da aka kafa a 2010, da ta Dosso a 2014, ban da makarantun kuɗi masu ba da BTS na shekara 2 ko lisansi na shekara 3. Kowace shekara ɗalibai suna fitowa, kuma ofisoshin gwamnati ba za su iya ɗauke su duka ba.

Abu na farko da ya kamata iyaye su sani shi ne, aikin kwamfuta ba sana'a ɗaya ba ce. Akwai gyaran na'urori da taimaka wa ma'aikatan ofis in na'ura ta ƙi aiki; wannan ƙofa ita ce mafi sauƙin shiga, amma wanda bai ƙaro ilimi ba yakan daɗe a wuri guda. Akwai aikin rezo, wato haɗa na'urori da kula da layukan sadarwa, irin wanda kamfanonin waya kamar Airtel, Moov Africa, Zamani da Niger Telecom suke buƙata. Yana son tafiye-tafiye da juriya wa rana da kiran dare. Akwai rubuta manhaja, wadda take son haƙuri da lissafi da Ingilishi ban da Faransanci, kuma ana iya yin ta daga ɗaki muddin akwai wuta da intanet. Ƴaƴanmu mata da yawa za su same ta daidai da zamansu. Sannan akwai adana bayanai da tsaronsu a bankuna, asibitoci da kamfanonin aika kuɗi, aikin da ba a cika miƙa wa sabon shiga ba sai an gwada shi.

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Shawararmu ita ce yaro ya zaɓi ƙofa ɗaya, ya dage a kanta shekara biyu ko uku kafin ya waiwayi wata. In kuma ayyuka biyu suka zo masa, kada ya fara duba girman albashi ko sanyin ofis. Ya tambayi kansa: wane gwani zan zauna ƙarƙashinsa, kuma me hannuna zai iya bayan shekara guda? Ƙaramin shago da ke da maigida mai koyarwa ya fi babban ofis inda za a bar shi yana buga takardu. Haka kakanninmu suka koyi ƙira da dukanci, kuma zamani bai sauya wannan ƙa'ida ba.

Zomo ba ya kamuwa daga zaune. Wanda bai samu aiki ba ya rubuta sunansa a hukumar ANPE, ya nemi gurbin koyon aiki ko da ladan kaɗan ne, ya leƙa cibiyar CIPMEN da aka buɗe a Yamai a 2014 don tallafa wa masu kafa ƙananan kamfanoni. Ya tsara wa islamiyyar unguwa rajistar ɗalibai, ko ya shirya wa ɗan kasuwa lissafin kayan shagonsa. Mai ɗaukar ma'aikaci yana son ya ga abin da aka taɓa yi.

Sai babbar magana, wato amana. Mai gyaran salula yana ganin hotunan iyalin mutane, mai kula da na'urar banki yana ganin dukiyarsu. Dokar kare bayanan jama'a da ta laifuffukan intanet ta 2019 sun tanadi hukunci, amma mumini ya san akwai Mai gani ko babu kowa a ɗakin. In aboki ya zo da tayin satar asusu ko damfara ta waya, to kuɗin haram ne, kuma sunan gida ne zai ɓaci.

Mu iyaye, namu shi ne haƙuri. Kada mu ɗora wa yaro nauyin gida tun albashin farko, kada kuma mu kunyata shi don mun gan shi bisa tsani yana jan waya. Mu zaunar da shi, mu ji ƙofar da ya zaɓa da dalilinsa, mu umurce shi da istihara, mu sa masa albarka.

Allah Ya ba ƴaƴanmu sana'a ta halal, Ya sa su zama sanyin idanunmu. Amin.