Kafin Ƙungiya Ta Sayi Tsohuwar Babbar Mota

'Yan'uwa manoma, a ƙasashen Turai akwai mutanen da ke sayen tsofaffin manyan motoci don sha'awa kawai. Mutum zai tsinci motar da ta shekara 20 a kwance, ya kwance ta ƙusa ƙusa, ya gyara, ya shafe ta da fenti irin na ranar da ta fito daga kamfani, sa'an nan ya ajiye ta sai ranar nuni. A Ingila masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiya tun 1958, kuma a 1962 suka fara jerin gwano daga Landan zuwa Brighton. Irin motocin da suke nunawa kuwa, wasunsu nan suke tare da mu suna aiki. Wanda ya tsaya a Sabon Tasha da kaka zai ga Mercedes mai gajeren hanci da bodin katako ta biyo hanyar Kachia da lodin citta ko masara. Masu haya sukan ɗora kuɗi da kaka, ga tsohuwar mota da araha, ga makanikai birjik a Kakuri da Makera, don haka ƙungiyar gama kai takan yi sha'awar mallakar tata. To, abin da ya kamata mu ara daga waɗancan masu sha'awa shi ne tsarin aikinsu, watau abin da ake fara dubawa da abin da ake bari sai ƙarshe.

Kamfanin Mercedes na Jamus ya fara ƙera masu gajeren hancin nan a 1959, ya ci gaba da yin su domin ƙasashen waje har 1995. A 1980 aka buɗe kamfanin ANAMMCO da ke Enugu domin harhaɗa motocin Mercedes. A zamanin kuma ana harhaɗa Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa, sai aka koma lallaɓa tsofaffi. A shekarar ce kuma aka daina ƙera manyan motocin Bedford a Ingila. Dalilin da ya sa Mercedes ta daɗe shi ne injinta ba shi da kwamfuta, bakanike mai sifana da basira yana iya kwance shi a gindin bishiya, kuma yawanta ya sa ana samun kayan gyaranta. Wannan batu na kayan gyara ya fi kyan mota muhimmanci. Motar da ba a samun kayanta a Kakuri, ko in an ƙetare gada a Panteka, kada ku saya ko da rabin kuɗi ne.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Lambar nan 911 tana da ma'ana: 9 na nufin tan 9, 11 kuma na nufin ƙarfin doki 110. Amma fa tan 9 ɗin nan ya haɗa da nauyin motar kanta da bodinta. Idan an cire wannan, abin da ya rage wajen tan 5 ne, watau buhu 50 na kilo 100. Mun san ana yi mata lodin da ya ninka haka, ana ƙara mata sifirin don kada ta zauna. Ƙarin sifirin ba ya ƙara ƙarfin birki. A tasha kusan kowace mai gajeren hanci 911 ake ce mata, alhali akwai 1113 da 1513 waɗanda suka fi ta ɗauka, saboda haka ku nemi ɗan farantin ƙarfen da kamfani ya manna a jikin motar ku karanta.

Abin da za a fara dubawa shi ne casis, watau dogayen ƙarafan nan biyu da motar duka ke zaune a kai. A wanke laka, mutum ya shiga ƙarƙashi da tocila da guduma. Inda tsatsa ta ci ƙarfe, ƙarar guduma takan mutu. A duba wajen maƙalin sifirin da bayan kan mota, nan ne lodi ya fi tsaga ƙarfe. Idan kun ga walda a kan walda, ko casis ya karkace, ku yi sallama da mai mota cikin mutunci. Inji ana sake shi, casis kuwa in ya lalace mota ta ƙare.

Bayan casis sai birki da sitiyari da tayoyi, domin a nan rai yake. A kwance ƙafafun duka a gani, kada a yarda da cewa "yana kamawa". A sake bututun roba da suka bushe. Tayar da ta daɗe a ajiye takan tsattsage a gefe ko da haƙoranta na nan. Ku lura kuma da gefen da sitiyari yake. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ran 2 ga Afrilu 1972, don haka motar da sitiyarinta ke dama ba ta dace da hanyoyinmu ba, doka ma ta hana, wadda aka juya mata shi da walda kuwa sai an bincika sosai.

Sa'an nan inji. Ku ce a bar shi ya kwana, ku zo da sassafe a tayar a gabanku, gama inji mai zafi yana ɓoye cuta. Hayaƙi shuɗi alama ce yana cin baƙin mai, ringi sun gaji. Baƙin hayaƙi yawanci nozul ne, ko matatar iska ta toshe da ƙura, wannan da sauƙi. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa, ko baƙin mai ya koma kamar madara, ko kumfa a lagireto, duk suna nuna ruwa na shiga inda bai kamata ba.

Bodin katako aikin kafinta ne, fenti da zanen zaki da rubutun bayan mota kuwa su ne na ƙarshe. Abin takaici, masu sayarwa daga nan suke farawa.

Sauran aiki na sakatare da ma'aji ne. A gwada lambar casis da ta inji da abin da ke cikin takardu, a yi takardar ciniki gaban shaidu da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba. A kai motar ofishin duba lafiyar motoci, a yanki lasin da inshora. Bakaniken da zai duba ya zama naku, ku biya shi ladansa ko an saya ko ba a saya ba. Kada a zuba asusu duka a kuɗin saye, sai an ware na gyara daban, a kuma tambayi kai aikin da motar za ta yi daga Maris zuwa Satumba, lokacin da babu amfanin gona mai yawa, ko dakon taki ne ko yashi. Idan taro bai sami amsar wannan ba, a ci gaba da haɗa buhunan mambobi wuri ɗaya ana ɗaukar shata. In kuwa an saya, a rubuta a dokar ƙungiya yawan buhun da motar za ta ɗauka, da cewa ba a ɗora mutane a bisan kaya.