Sabuwar Manhaja a Makarantun Ƙasar Daura: A Fara da Malami

A 'yan shekarun nan Daura ta samu manyan makarantun da garuruwa da yawa ke nema ba su samu ba. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 2019, kuma a watan Disamba na wannan shekarar marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman da ta riga su, ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta Daura. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan makarantu da ke ɗaukar ɗalibi don kawai an haife shi a bakin rijiyar Kusugu. Ƙofar shiga ɗaya ce ga kowa: kiredit ɗin da ake buƙata a jarrabawar WAEC ko NECO, sannan makin JAMB. Idan makarantun sakandaren Daura da Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa ba su fitar da yaran da za su tsallake wannan ƙofa ba, 'ya'yan wasu ne za su cika azuzuwan, 'ya'yan gari kuma su tsaya a bakin get suna sayar musu da abinci da katin waya. Don haka batun abin da ake koyarwa a sakandare, da wanda ke koyar da shi, ya shafi kowane gida a masarautar Daura. Hujjar da za a bi a nan ɗaya ce: sauya manhaja ba ya sauya komai sai an tallafa wa malamin da zai koyar da ita, kuma wannan tallafi aiki ne da za a iya yi daga nan gida.

Manhaja ita ce tsarin da ya fayyace darussan da za a koyar, da abin da kowane darasi ya ƙunsa aji bayan aji, da abin da ake so yaro ya iya idan ya gama. A Nijeriya hukumar NERDC ce ke tsara ta, hukumomin jarrabawa kuma su gina tambayoyinsu a kanta. Wanda ya bi tarihinta zai ga cewa burin koya wa ɗan sakandare sana'a ya daɗe. Bayan babban taron manhaja na ƙasa da aka yi a Legas a 1969, an fitar da manufar ilimi ta ƙasa a 1977, sannan a 1982 aka fara tsarin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a. Ginshiƙin tsarin shi ne yaro ya taɓa zarto da guduma da wayar lantarki tun yana ƙaramar sakandare. Aka sayo injuna daga ƙasashen Gabashin Turai aka rarraba wa makarantu, amma da yawansu suka yi tsatsa cikin akwatunansu, saboda babu ɗakin da za a kafa su, babu wuta, babu malamin da ya san yadda ake kunna su. A 2011 aka sake fito da manhajar babbar sakandare mai darussan sana'a 34, aka wajabta wa kowane ɗalibi ya ɗauki ɗaya. A 2025 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da wata sabuwa, wadda ta taƙaita darussan ƙaramar sakandare zuwa 12 zuwa 14, na babba zuwa 8 ko 9, ta kuma mayar da sana'o'in zuwa shida. Sau uku ke nan cikin shekara arba'in da 'yan kai ana dawowa kan tunani guda. A karo biyun farko takardar ba ta da laifi, abin da aka rasa shi ne hannun da zai aiwatar da ita.

Yadda darussan sana'a na 2011 suka kasance a aji ya isa darasi. Shugaban makarantar da aka ba jerin sana'o'i 34, ba shi da ɗakin koyon aiki ko malamin walda, ya zaɓi wadda za a iya koyarwa da alli da allo kaɗai. Shi ya sa makarantu da yawa suka raja'a kan dabarun talla ko sarrafa bayanai, har a inda babu kwamfuta ko ɗaya mai aiki. Malami ya zana kwamfuta a allo, ya ja kibiya zuwa kowane sashe ya rubuta sunansa, yara su kwafa a littafi, su haddace, su ci jarrabawa, su fita ba su taɓa riƙe linzamin na'urar ba. Idan ba a yi hattara ba, haka darasin wutar sola zai kasance: a zana faranti da batir da inbata, a haɗa su da layin alli, alhali yaron da ke bin ubangidansa saka sola a gidajen gari ya fi ɗan aji shida sanin abin da ke ƙona batir.

Abin farin ciki, sana'o'i shidan da aka zaɓa a 2025 kamar da ƙasar Daura aka auna su: saka wutar sola da gyaranta, ɗinki, kiwo, kwalliya, gyaran kwamfuta da waya, sai noma da aikin lambu. Kasuwar Mai'aduwa tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na wannan yanki, kuma har daga Jamhuriyar Nijar ake shigo mata da kaya. Madatsun ruwa na Sabke da Daberam suna ba da damar noman rani. Ƙarancin wutar gwamnati ya sa sola ta zama abin yau da kullum, daga famfon rijiyar burtsatse zuwa shagon cajin waya. Hikimar ita ce kada kowace makaranta ta ce sai ta koyar da duka shidan. Makarantar da ke kusa da madatsa ta riƙe lambu, wadda ke kan hanyar Mai'aduwa ta riƙe kiwo, ta cikin gari ta riƙe sola da gyaran waya. Sana'a biyu da aka koyar da hannu sun fi shida da aka karanta a littafi. Kuma ba sai an jira malami mai digiri a kan sola ba. A haɗa malamin fiziks da gwanin da ke wannan aiki a kasuwa, ɗaya ya bayyana dalili, ɗaya ya nuna yadda ake yi, a biya gwanin ladan awoyinsa. Ɗakunan koyon aiki na Kwalejin Fasaha ta Tarayya, da malamanta, za su iya horar da malaman sakandare lokacin dogon hutu, tunda a gari ɗaya suke.

Wannan ya kawo mu kan malamin kansa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma duk wanda ya leƙa makarantar jeka-ka-dawo ta gwamnati ya san ajin da ya ninka haka ba baƙo ba ne. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023 ta hanyar jarrabawa, kuma wannan mataki ne da ya cancanci yabo. Amma ɗaukar malami farkon aiki ne. Saura a tambayi inda aka tura shi, da abin da aka ba shi ya koyar, da wanda ke duba aikinsa. Malamai sun fi taruwa a makarantun cikin gari, na ƙauye kuma a bar su da wanda ya karanta tarihi yana koyar da lissafi don babu wani. A Ranar Malamai ta Duniya ta 2020 gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin alawus na musamman ga masu koyarwa a karkara da malaman kimiyya, a 2022 kuma aka sa hannu kan dokar da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Tunda jihohi ne ke biyan mafi yawan malaman sakandare, a hannunsu cika irin wannan alƙawari yake. Gidan kwana mai kyau kusa da makaranta da ɗan ƙarin kuɗi a wata za su fi takardar barazana zaunar da malamin kimiyya a Baure.

Wani zai ce ai kullum ana yi wa malamai taron bita. Gaskiya ne, amma irin bitar ce abin dubawa. A tara mutum ɗari biyu a babban ɗaki kwana uku, a karanta musu takardu, a raba jaka da kuɗin mota, kowa ya koma ajinsa ya ci gaba kamar yadda ya saba. Malami yana sauya koyarwarsa ne idan wani ya zauna a bayan ajinsa ya ga darasin, ya tattauna da shi bayan an tashi, ya dawo bayan mako biyu ya ga ko an gyara. A Japan malaman darasi ɗaya sukan tsara darasi tare, ɗayansu ya koyar sauran suna kallo, sannan su zauna su warware inda yara suka gane da inda suka ɓace. Wannan ba ya buƙatar otal. Makarantu huɗu ko biyar da ke kusa da juna a Sandamu za su iya haɗa malaman lissafinsu rana ɗaya a wata, ƙarƙashin wani gogaggen malami, ko da mai ritaya ne. Jami'an duba makarantu ma su rage ƙirga sa hannu a rajistar zuwa aiki, su ƙara zama a aji.

Ta ɓangaren ɗalibi kuwa, babbar matsalar tana shigowa ne tun daga firamare. Akwai yaron da zai zo aji ɗaya na ƙaramar sakandare da rubutu mai kyau kamar ɗab'i, ya kwafe duk abin da ke allo ba kuskure, amma idan aka ce ya karanta layin da ya rubuta sai ya sunkuyar da kai. Manhaja ta ɗauka wannan yaro ya iya karatu, malami kuma yana tseren gama abin da aka tsara masa na zango, saboda haka kowace shekara tazarar sai ƙaruwa take. Akwai maganin da aka gwada. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da hanyar koyar da yaro daga inda ya tsaya: a gwada kowa da gajeren gwaji, a raba yara rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, ba bisa aji ko shekaru ba, a ba su awa ɗaya ko biyu kullum kan karatu da ƙidaya. An gwada wannan hanya a firamaren Wudil da Dawakin Tofa a Jihar Kano. Babu abin da zai hana sakandaren Daura ware zangon farko na aji ɗaya don irin wannan aiki, a fara da Hausar da yaro ke tunani da ita, a haura da shi zuwa Turancin da zai rubuta jarrabawa da shi. Darasin maraice da ake buɗewa wata uku kafin WAEC ba zai toshe ramin shekara shida ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Haka kuma tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB gaba ɗaya, don haka yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya zauna gaban na'ura an riga an zalunce shi.

'Yan mata suna da nasu ƙarin cikas. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500, don gina azuzuwa da banɗakuna, da ba iyaye tallafin kuɗi, da koya wa 'yan mata kwamfuta da dabarun zaman duniya. Shirin ya taɓa ainihin abubuwan da ke sa uba ya cire 'yarsa daga makaranta, wato nisa da tsada da rashin sutura. Amma kuɗin rance ne, kuma kowane shiri yana da ranar ƙarewa. Abin da zai dawwama bayan an rufe ofishinsa shi ne malamai mata 'yan asalin yankin, waɗanda iyaye suka san gidajensu. Ɗaukar nauyin 'yan matan ƙauye su yi NCE da sharaɗin su dawo su koyar a garinsu shi ne jarin da ba ya bin ranar ƙarewar shiri.

Akwai ƙorafi uku da suka cancanci amsa. Na farko, cewa manhaja ta Abuja ce, mutanen Daura ba su da ta cewa. Abuja ce ke rubuta ta, amma zaɓen sana'ar da makaranta za ta koyar, da tura malamai, da jadawalin darussa, duk a hannun jiha da ofishin shiyya da shugaban makaranta suke. Na biyu, cewa koyar da sana'a dabara ce ta tsayar da ɗan talaka a ɗinki yayin da ɗan mai kuɗi ke zama likita. Wannan tsoro yana da tushe idan sana'a ta maye gurbin lissafi da kimiyya. Idan kuwa tare suke tafiya, yaron da ya auna ƙarfin batir da hannunsa ya fi fahimtar darasin lantarki, kuma ɗinkin na iya biya masa kuɗin jami'a. Na uku, cewa gwamnati ta riga ta fara gina makarantu na musamman don haziƙai, ɗaya a Dumurkul cikin wannan masarauta. Abu ne mai kyau, amma makaranta ɗaya ba za ta ɗauke 'ya'yan ƙananan hukumomi biyar ba. Amfaninta zai ninka idan ta zama wurin da malaman sauran makarantu ke zuwa su ga yadda ake koyarwa.

Masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, tana da abin da ma'aikata ba ta da shi: hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san kowane gida. Su ne za su iya sanin yarinyar da ta daina zuwa aji tun makon farko, su nema wa baƙon malami masauki, su shawo kan gwanin sana'a ya ba da awa biyu a mako. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiran gari su daina tsayawa a fenti da katanga, su ɗauki nauyin ajin karatu da taron malamai na wata-wata. Iyaye kuma, idan an kira taron makaranta, ku je ku yi tambaya uku: wa ke koyar da lissafi kuma me ya karanta, yara nawa ne a aji ɗaya ba su iya karatu ba, kuma wace sana'a ake koyarwa da hannu. Makarantar da ta iya amsa waɗannan ta kama hanya, wadda ta kasa kuma an san inda za a fara gyara.