Gidan Baƙi Na Bernard A Kan Duwatsun Alps

Yau za mu kai ku ƙasar Turai, kan iyakar Suwizalan da Italiya, mu ga wani tsohon gida da aka gina domin matafiya. Sunansa Gidan Baƙi na Bernard Mai Tsarki. Yana kan wata mashiga tsakanin duwatsun Alps, a hanyar da ta tashi daga garin Martigny ta gangara zuwa Aosta. Tsayin wurin ya kai wajen mita 2,470 daga bakin teku, wato ninki biyu na tudun Jos, har ya ɗara Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowane tsayi a Nijeriya.

Hanyar ta girmi gidan nesa ba kusa ba. Romawa sun bi ta, har suka gina haikalin gunkinsu Jupita a wurin. Bayansu fatake da sojoji da masu zuwa ziyarar ibada a Roma suka ci gaba da bi. Amma hanya ce mai cin rai. Ga 'yan fashi, ga hazo mai ɓad da mutum, ga dusar ƙanƙara da takan zubo daga kan dutse ta binne ayari. Wajen shekara ta 1050 wani babban dikon na ikkilisiyar Aosta, mai suna Bernard, ya ga mutane suna ta hallaka, sai ya kafa masauki daidai inda wahalar ta fi tsanani. Ya zaunar da 'yan zuhudu a can, waɗanda daga baya suka bi ƙa'idar Agustin. Takensu da harshen Latin yana nufin a nan ake yi wa Almasihu sujada, a nan kuma ake ciyar da shi. Wanda ya san Matiyu sura 25 ya san inda suka samo wannan.

To, bari mu dubi ginin kansa, gama a nan ne abin koyo yake. Wanda ya zo neman ado ba zai samu a waje ba. Dogon gini ne na dutse, mai hawa da yawa, fuskarsa fayau kamar barikin soja. Bangayen suna da kauri ƙwarai, an kuma tokare su da ginshiƙai. Tagogin ƙanana ne, domin kowace kafa ƙofar sanyi ce. Sai an hau matakala kafin a kai ƙofar shiga, saboda da hunturu ƙanƙara takan taru ta rufe ƙasan ginin. Kowane abu a jikinsa sanyi ne ya tsara shi. Mu a ganinmu wannan rashin ado shi ne kyansa.

Ba a rana ɗaya aka gina shi ba. Ƙaramin gida ne da fari, aka yi ta ƙari bisa ga yawan baƙi. Gobara ta ci shi a tsakiyar ƙarni na 16, aka sāke ginawa, a shekarun 1820 kuma aka ƙara masa tsayi. Majami'ar da ke manne da shi an gina ta a 1686, can ne kaɗai magina suka saki hannu, da zane-zane a rufi da kujerun katako masu sassaƙa. A ƙarƙashinta akwai tsohon ɗakin addu'a mai sauƙin gini.

Ku tuna fa, ko itace guda ba ya tsirowa a wannan tsayi. A da, duk itacen da za a hura wuta a dafa wa baƙo miya, sai an ɗauko shi da rani a bayan dawakai daga kwarin Ferret, a tara na wata takwas. Haka ma abinci. Duk da haka ɗaruruwan shekaru ana ba matafiyi wurin kwana da abinci kyauta, ba a tambayar addininsa ko ƙasarsa, ba a kuma kulle ƙofar, dare da rana.

Kusa da gidan akwai wani ɗan ɗaki na dutse da aka gina a 1476. Ɗakin gawa ne. Ƙasar wurin dutse ce, ga ta a daskare, ba ta haƙuwa, saboda haka waɗanda aka tsinta sun riga sun mutu, nan ake ajiye su, iska mai sanyi ta busar da su. An toshe ɗakin yanzu, amma yana nan tsaye, shaida ce cewa ba kowa aka cim ma da rai ba. Shi ya sa 'yan zuhudun ba su zauna jiran a ƙwanƙwasa ƙofa ba. A da, da hunturu su da barorinsu sukan gangara ta kowane gefe suna neman wanda ya ɓata. Manyan karnukan nan da suka ɗauki sunan gidan su ne masu shinshino hanya, suna ture ƙanƙara da ƙirji. Wanda ya fi suna shi ne Barry, da ya rayu daga 1800 zuwa 1814, ana kuma cewa ya ceci mutum wajen 40. Ɗan tulun giyar da ake zanawa a wuyansu kuwa, aikin masu zane ne kawai.

A watan Mayu na 1800 Napoliyon ya ƙetare nan da soja wajen 40,000, gidan ya ciyar da su gurasa da cuku. Da babbar hanya ta iso, baƙi suka yi yawa, aka gama wani babban gini a tsallaken hanya a 1899, wanda ya zama otal a 1925. Gada mai rufi ce ta haɗa gine-ginen biyu. Sa'an nan a 1964 aka buɗe hanyar mota ta cikin dutse, can ƙasa da gidan, matafiya suka daina bukatar hawa. A 2005 kiwon karnukan ya koma hannun wata ƙungiya a Martigny.

Wasu sun zaci aikin ya ƙare ke nan. Amma 'yan zuhudu kaɗan suna nan har yau. Daga Oktoba zuwa farkon Yuni ƙanƙara takan rufe hanyar mota, sai mai tafiya da ƙafa ko da katakon sulɓi ke iya kaiwa. Masu zuwa yanzu mahaya dutse ne da masu neman wurin kaɗaita su yi addu'a. Sukan biya kuɗin kwana, wanda ya iso kuma akan fara tarbarsa da shayi mai zafi.