Kogin da Doka Ta Ba Matsayin Mutum

A ƙasar Niyu Zilan, can kudu maso gabashin Ostireliya, akwai wani kogi da ake kira Whanganui. Tsawonsa ya kai wajen mil 180, ya taso daga dutsen Tongariro ya gangara har teku. Cikin watan Maris na shekarar 2017 Majalisar Dokokin ƙasar ta zartar da wata doka wadda ta ba kogin nan matsayin mutum a gaban shari'a, watau yana da haƙƙi kamar yadda kamfani yake da shi, kuma ana iya shigar da ƙara da sunansa. Wannan doka ita ce ta kashe wata jayayya da aka shafe fiye da shekara 140 ana yi.

Masu jayayyar su ne ƙabilun Maori da ke zaune a bakin kogin. Maori su ne mutanen farko na ƙasar, kakanninsu sun iso cikin kwale-kwale daga tsibiran tekun Pasifik wajen shekara 700 da suka wuce. A imanin mutanen Whanganui, kogin kakansu ne, abu guda mai rai tun daga tushensa har bakin teku. Saboda haka ba a raba ruwansa da ƙasan da yake gudana a kai, balle a sayar da wani sashe. Lafiyar kogin, a ganinsu, ita ce lafiyar jama'a.

Dokar Turawan Ingila ba ta san wannan ba. Cikin 1840 wakilan Sarauniyar Ingila da shugabannin Maori suka sa hannu a Yarjejeniyar Waitangi, wadda aka rubuta da Turanci da kuma harshen Maori. Amma rubutun biyu ba su dace da juna ba. Na Turanci ya ce an miƙa wa Sarauniya mulki ɗungum, na Maori kuwa ya tabbatar wa shugabanni ikonsu a kan ƙasarsu da dukiyoyinsu. Daga nan rikici ya samo asali.

Kafin ƙarshen ƙarni na 19 aka shiga rushe shingayen itace da Maori suke kafawa cikin ruwa don kama kifi, domin jiragen ruwa su sami hanya. Aka yi ta kwasar tsakuwa daga ƙasan kogin. Cikin 1903 wata doka ta mallaka wa gwamnati ƙasan dukan kogunan da jirgi yake iya bi. Sa'an nan a shekarun 1970 aka karkatar da wani sashe na ruwan tushen kogin zuwa tashoshin wutar lantarki.

Mutanen kogin ba su yi shiru ba. Tun cikin shekarun 1870 suka fara aika wa Majalisa takardun koke. Cikin 1938 suka kai ƙara kotu, shari'ar ta yi ta yawo daga wannan kotu zuwa waccan har 1962, lokacin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukuncin da bai yi musu daɗi ba. Duk da haka suka ci gaba, iyaye suna mutuwa 'ya'ya suna ɗaukar maganar.

Ƙofa ta buɗe cikin 1975 da aka kafa Hukumar Waitangi don sauraron koke-koken Maori, kuma cikin 1985 aka ba ta ikon bincike tun daga 1840. Rahotonta na 1999 ya nuna cewa ƙabilun ba su taɓa sakin kogin da yardarsu ba. Bayan doguwar shawara aka sa hannu a takardar sulhu cikin 2014.

Bisa dokar 2017, mutum biyu ne suke magana da yawun kogin, ɗaya ƙabilun suke gabatarwa, ɗaya gwamnati. An kuma ba da dala miliyan 80 na kuɗin ƙasar a matsayin diyya, da wasu miliyan 30 don kula da lafiyar kogin. Sai dai dokar ba ta mallaka wa kowa ruwan ba, ba ta kuma hana karkatar da shi zuwa tashoshin lantarki ba, don haka akwai sauran aiki.

Abin lura shi ne majalisar zamani ta karɓi fahimtar mutanen da dā ake yi wa kallon marasa wayewa, ta rubuta ta cikin littafin dokokin ƙasa. Haka aka yi wa dajin Te Urewera cikin 2014 da dutsen Taranaki cikin 2025. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Mutanen Whanganui sun dafa nasu.