Kaciyar Maza a Yaƙi da Ƙanjamau: Darasin Kisumu, Rakai da Orange Farm

A watan Disamban 2006, masu sa ido kan wani binciken lafiya a Kisumu, birnin da ke gaɓar Tafkin Victoria a yammacin Kenya, suka ba da shawarar a dakatar da shi tun kafin cikar wa'adinsa. Haka aka yi wa takwaransa na gundumar Rakai a Uganda. Dalili shi ne sakamakon ya riga ya bayyana ƙarara, har ya zama rashin adalci a ci gaba da jinkirta wa rabin mazan da ke cikin binciken abin da aka yi wa sauran, wato kaciya a hannun ma'aikatan lafiya.

Tun shekarun 1980 masana suka lura cewa ƙwayar cutar HIV, mai haddasa ƙanjamau, ta fi bazuwa a yankunan Afirka da maza ba su saba yin kaciya ba. Amma lura daban, hujja daban, domin addini da al'adar aure su ma suna iya kawo wannan bambanci. Saboda haka aka tsara gwaji uku, inda aka raba mazan da suka amince gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu a yi musu kaciya nan take, wasu su jira. Na Orange Farm, kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu, wanda ya ƙunshi samari sama da 3,000, shi ya fara fitowa a 2005, ya nuna raguwar kamuwa da kusan kashi 60 cikin 100. Na Kisumu da na Rakai, waɗanda aka wallafa a 2007, sun nuna raguwar da ta haura kashi 50.

Bayanin likitoci a kan haka ba mai wuyar fahimta ba ne. Cikin loɓa, fatar da ke rufe kan azzakari, yana da laushi da danshi, yana saurin tsagewa yayin saduwa, kuma yana ɗauke da irin ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kamawa ta shiga jini. Cire wannan fata na rage ƙofofin shigar cutar.

A watan Maris na 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar UNAIDS suka amince da kaciyar son rai a asibiti a matsayin ɗaya daga cikin hanyoyin rigakafi. Aka mai da hankali kan ƙasashen gabashi da kudancin Afirka inda cutar ta yi katutu, kaciya kuma ta yi ƙaranci. Jerin ya kai ƙasashe 15, ciki har da Kenya, Uganda, Tanzaniya, Zambiya, Zimbabuwe, Malawi, Mozambik, Eswatini da Afirka ta Kudu. Daga 2008 zuwa yau an yi wa maza sama da miliyan 30 kaciya ƙarƙashin shirin, akasari da kuɗin PEPFAR, asusun da gwamnatin Amurka ta kafa a 2003.

Hujjar kimiyya ita kaɗai ba ta kai kowa ɗakin tiyata ba. A wajen al'ummar Luo ta yankin Kisumu, rashin kaciya alama ce ta asali, wadda 'yan siyasar wasu ƙabilu suka daɗe suna yi musu gori da ita. Majalisar dattawansu ta fara nuna turjiya. Sai a 2008 Firaministan Kenya na lokacin, Raila Odinga, wanda shi ma ɗan Luo ne, ya fito fili ya goyi bayan shirin a matsayin sha'anin lafiya, samari suka fara tururuwa zuwa asibitoci. A Afirka ta Kudu kuwa, Sarkin Zulu Goodwill Zwelithini ya yi shela a ƙarshen 2009 cewa a farfaɗo da kaciya, al'adar da aka ce Sarki Shaka ne ya soke ta a ƙarni na 19, amma a wannan karon likitoci su yi ta. A wuraren biyu, sai da mai faɗa a ji na cikin gida ya buɗe baki sannan jama'a suka saki jiki.

Kariyar tana da iyaka. Ragowar kashi 40 na haɗarin yana nan daram, don haka ba ta ɗauke buƙatar gwaji, da kame kai, da amfani da kwaroron roba ba. Namiji take karewa daga kamuwa ta wajen mace. Wani gwaji da aka yi a Rakai kan mazan da ke ɗauke da cutar bai nuna cewa kaciyarsu ta kare matansu ba, kuma komawa ga iyali kafin ciwon ya warke na iya ƙara haɗari. Shi ya sa ake sharɗanta haƙurin mako shida. Aikin kansa ya gamu da cikas: an sami mace-mace sakamakon cutar sarƙewar haƙora, da raunuka a jikin ƙananan yara, abin da ya sa a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da fifiko ga 'yan shekara 15 zuwa sama.

Babbar jarrabawar shirin ta zo ne ta fuskar kuɗi. A ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. Sassaucin da ya biyo baya ya fi karkata ga ceto masu shan magani, ayyukan rigakafi kuwa suka ji jiki. Ƙasashen da suka bar ɗawainiyar a hannun mai ba da tallafi sun ga yadda guga ke tsayawa idan mai igiya ya janye hannu.

Najeriya ba ta cikin ƙasashen 15, domin kusan dukkan mazanta, Musulmi da Kirista, ana yi musu kaciya tun suna yara. Duk da haka, binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da HIV, kuma an ƙiyasta masu cutar baki ɗaya a kusan miliyan 1.9. Wannan adadi ya isa gargaɗi ga duk mai ɗaukar kaciya a matsayin laya. Abin da ya rage wa hukumomin lafiya a nan shi ne ingancin aikin. Yaran da ake tarawa lokacin hunturu a yi musu shayi a hannun wanzami suna buƙatar sabuwar aska ga kowane yaro, da allurar rigakafi, da asibitin da za a garzaya idan jini ya ƙi tsayawa, domin aska ɗaya ga yara goma hanya ce ta yaɗa ciwon hanta da ita kanta HIV. Horar da wanzamai da sa musu ido aiki ne da kasafin kuɗin cikin gida zai iya ɗauka, ba sai an jira Washington ba.